Zauren Asabar na wata madam a Zango

'Yata tana CE2, aji huɗu na firamare, in mushe, malaminsu, ya kira ta gaban allo sai ta sunkuyar da kai, murya ta maƙale. Wata madam a unguwar Zango ta Damagaram, kusa da kasuwar Dole, tana tara yara ran Asabar, jika biyu a wata. Da tatsuniya take farawa, da Hausa, kowane yaro ya miƙe ya kawo tasa. Ba bulala, wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya kuwa shi zai tashi na gaba. Sai daga baya a koma Faransanci. Yanzu yarinya har hannu take ɗagawa a lakwal, da dare kuma Gizo da Ƙoƙi sun ishi kakarta.

Zauren dai ya yi kaɗan, ga zafi ba fanka. Madam, don Allah a raba yaran gida biyu, ƙanana da safe.