Akwatin ƙwallayen koyar da jerin zarra da na saya: ya yi, amma da gyara

Salamu alaikum 'yan uwa malaman kemistiri da masu koyar da ilimin ƙarafa. Wata uku ke nan da na yi odar wani akwati na ƙwallayen roba da ake nuna yadda ƙwayoyin zarra ke jeruwa a cikin ƙarfe, na yi ta jan shi aji aji har zango ya ƙare, to yanzu dai ina da bakin magana.

Abin da ya sa na saye shi tun farko shi ne lissafin nan da littafi ke ce wa APF, wato kashi nawa cikin ɗari na fili ƙwayoyin suka cinye a ɗan ɗakin nan mai kusurwa 8 da ake maimaitawa a jerin, nawa kuma ya rage fayau. Ni a aji ma'aunin cunkoso nake ce masa. Shekara da shekaru ina zana abin nan a allo, yara su haddace kashi 52, 68, 74 na nau'ukan jeri uku kamar lambar waya, ranar jarabawa ka ɗan juya tambayar sai ka ga an zubo maka shirme, kuma ba laifinsu ba ne, abu mai tsawo da faɗi da zurfi ka shimfiɗe shi a allo da alli ka ce su gane.

Da na buɗe, kwalaye uku ne na roba garai-garai, kowanne santimita 10 ta kowane ɓangare, sai yankakkun ƙwallaye, sai wata leda cike da ƙwallaye cikakku da 'yan tsinkaye na haɗawa. Yankakkun nan su ne kuɗin gaba ɗaya. An yanka wasu rabi, wasu kashi ɗaya bisa takwas, yadda za su zauna daram a kusurwa. Ranar farko na ce wa wata yarinya ta kwaso guda takwas ɗin da ke kusurwoyi ta haɗa su a hannunta, sai ga ƙwallo ɗaya cif ta fito, wallahi ajin sai da ya yi shiru. Abin da na yi shekaru ina ihu a kai, cewa jeri mai sauƙi (zarra a kusurwoyi kawai) zarra 1 ce a ciki, BCC (mai ƙarin ɗaya a tsakiyar ɗaki) 2, FCC (mai ƙarin ɗaya a tsakiyar kowace fuska) 4, minti biyu ya shiga.

Sai gwajin ruwa, wanda ba ya ma cikin takardarsu, ni na ƙirƙiro abina. Tunda kwalin lita ɗaya yake ci, in ka jera ƙwallayen ka zuba ruwa, abin da ya shiga shi ne filin da ya rage. A lissafi jeri mai sauƙi zai sha wajen mililita 476, FCC kuma 260 kacal. Mun samu kusa da haka amma ya ɗan haura, don ƙwallayen ba su cika girman da ya kamata ba. Nan fa matsala ta fara: kwali ɗaya yana yoyo ta gindi, sai da na bi shi da gam, kuma ƙwallayen ba nauyi, ruwa na shiga suna tasowa, dole yaro ɗaya ya danne da murfi. Na yi wa mai sayarwa magana ya ce ai ba a yi shi don ruwa ba. Gaskiyarsa, amma kuɗin da na biya ai ba na kwalin da zai tsage ba ne.

Ɓangaren tsinkaye kuwa, shawarata ku ajiye shi gefe in cunkoso kuke koyarwa. Yana nuna ƙwallaye nesa da juna kamar ba sa ga maciji, alhali duk lissafin ya dogara ne a kan cewa suna taɓa juna. A BCC ta tsakiyar ɗaki suke haɗuwa, daga kusurwa zuwa kusurwar can nesa, a FCC kuma ta kan fuska. Yaron da ya fara ganin na tsinke, nan yake ruɗewa. Sai dai ya yi min amfani wajen lu'u-lu'u (daimon), don su ga dutsen da ya fi komai tauri kashi 34 kawai ya cike.

Babu HCP a ciki sam, wato jeri mai kusurwa shida da zink da magniziyam da titaniyam ke bi. Wannan ya ban haushi. Lemo na siyo na jera musu a tire, kuma dama yadda mai lemo ke yin dalarsa a bakin titi, kowane lemo na zaune a ramin na ƙasa, cunkoson 74 ɗin ke nan. Masanin taurari Johannes Kepler ya ce tun 1611 ba jerin da zai wuce wannan, amma sai 1998 masanin lissafi Thomas Hales ya kawo hujjar lissafi. In kuwa zubawa ka yi kawai ka girgiza kamar mai awo da mudu, wajen 64 za ka tsaya.

Tambayar da ta fi min daɗi daga wani ɗan maƙera ta zo. Na ce musu baƙin ƙarfe BCC ne, in zafinsa ya kai digiri 912 a ma'aunin Celsius sai ya koma FCC, har ya ɗan tsuke duk da zafi. Ya ce to malam ya aka yi wanda ya fi cunkoso shi ya fi shan kabon? Na miƙa masa kwalaye biyun na ce leƙa. FCC filinsa kaɗan ne amma ramukan manya, BCC fili da yawa amma a tsattsage. Ya ce shi ya sa babansa ke gasa wuƙa ta yi ja kafin ya tsoma ta a ruwa ke nan.

In za ku saya, ku tambaya ko da yankakkun ƙwallaye a ciki, don na ga wasu tsinkaye ne zalla. Ku kuma tanadi gam.