Tayar sanyi, tayar duk shekara ko ta zafi: wacce za ka saya?

Mutanenmu da karatu ko aiki ya kai Kanada, Jamus ko Suwidin sukan isa can da lissafin gida game da taya: in dai ba ta fashe ba, ba ta suɗe ba, a ci gaba da takawa. Wannan lissafi yana tafiya lafiya har watan Oktoba. Daga nan makanike zai fara yi maka zancen tayar sanyi, ka ɗauka kuɗinka yake so ya ci. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba duk abin da zai tallata maka ne kake bukata ba.

Bambancin ba a zane kaɗai yake ba, a robar yake. Tayar zafi an haɗa robarta don ta jure kwalta mai ɗumi, kuma ita ce ta fi kowacce kama titi a ruwan sama idan gari ba sanyi. Da yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas sai ta fara ƙanƙamewa, ta daina lafewa a kan kwalta, ko da ƙwayar dusar ƙanƙara ɗaya ba ta zuba ba. Tayar sanyi robarta mai laushi ce, kuma jikinta cike yake da ƙananan tsage-tsage masu cizon dusar ƙanƙara. Wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma a nan birki da sitiyari da ƙarfin inji duk suke ƙarewa. Shi ya sa mai babbar jif da ke ja da ƙafa huɗu kada ya ruɗi kansa. Ƙafa huɗu tana taimaka maka ka tashi, amma wajen tsayawa kai da mai ƙaramar Corolla ɗaya kuke, tayar kowa ce za ta raba gardama.

Inda masu saye suka fi shiga ruɗani shi ne tayar da ake cewa ta duk shekara, domin iri biyu ce. Yawancin motocin Amurka da Kanada suna fitowa da wadda aka buga wa haruffan M+S, wato laka da dusar ƙanƙara, a gefe. Wannan tambari ya dogara ne ga siffar zanen, ba a gwada tayar a kan dusar ƙanƙara kafin a buga shi. Tambarin da ake gwadawa kafin a bayar shi ne hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Ka tsuguna ka duba da idonka. Michelin CrossClimate 2 da Goodyear Vector 4Seasons suna ɗauke da shi, kuma ana barinsu a mota rani da damina ba a cirewa. Wanda yake zaune a Landan, Manchester ko Kolon ta Jamus, inda sanyi yawanci ruwa ne da laima, dusar ƙanƙara kuma ta kwana kaɗan ce, ni a ganina wannan ita ce tasa. Saye ɗaya, babu neman wurin ajiya, babu layin gareji sau biyu a shekara.

Amma mazaunin Winnipeg ko Edmonton a Kanada, ko arewacin Suwidin, inda sanyi kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, titi ya daskare wata da watanni, kada ya tsaya a nan. Shi tayar sanyi ta ainihi yake bukata. Ita ma kala biyu ce. Akwai wadda aka ƙera don tsakiyar Turai, inda ake gudu a manyan hanyoyi masu jiƙe da ruwan gishiri, irin su Continental WinterContact da Michelin Alpin. Akwai kuma ta ƙasashen can arewa, mai roba da ta fi laushi, wadda aikinta ƙanƙara ce mai santsi: Bridgestone Blizzak WS90, Michelin X-Ice Snow, Continental VikingContact, da Hakkapeliitta ta kamfanin Nokian na Finlan, kamfanin da ya fara ƙera tayar sanyi a 1934. Ta biyun ta fi a kan ƙanƙara, amma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta birkinta ya fi na ta farko tsawo. Don haka ka tambayi kanka wane irin titi ka fi takawa da safe in za ka aiki, ba wane ne ya fi ba ka tsoro ba. Taya mai ƙusoshi kuwa ba ta kowa ba ce: tana da ƙara, tana cin kwalta, Jamus ta hana ta, a Ontario ta Kanada ma mazauna arewacin lardin kaɗai aka yarje wa.

A wasu wuraren doka ta riga ta zaɓa maka. A lardin Quebec na Kanada saka tayar sanyi wajibi ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, tara kuma dalar Kanada 200 zuwa 300 ce. A Jamus ba a ɗaure abin da kwanan wata ba: duk ranar da titi yake da dusar ƙanƙara ko santsin ƙanƙara, dole tayarka ta zama ta sanyi, kuma tun 1 ga Oktoban 2024 mai tambarin dutsen nan kaɗai ake karɓa, M+S ta daina wucewa. In aka kama ka, Yuro 60 ne da makin laifi ɗaya a kan lasisi. Jamusawa da kansu sun saba sakawa daga Oktoba zuwa Ista. Birtaniya ba ta tilasta wa kowa. A Ontario kuwa kamfanonin inshora suna rage kuɗi ga wanda ya saka, amma sai ka sanar da su.

Batun kuɗi bai kai yadda ake jin tsoronsa ba. Saiti biyu na nufin kowanne yana hutawa rabin shekara, don haka suna daɗewa. Abin da zan ba da shawara shi ne a sayi wili na ƙarfe masu araha a ɗaura tayoyin sanyi a kai, sauyawa ta zama kwance noti kawai. Kuma huɗu za ka saya. Wanda ya saka biyu a gaba ya bar tsofaffi a baya, a kwanar farko mai santsi bayan motar zai nemi ya riga gabanta. Wannan ƙa'ida tana aiki a ruwan sama ma: in biyu kaɗai aljihu zai iya, sababbin a baya ake sakawa, duk da masu faci da yawa akasin haka suke yi.

Ruwan sama shi ne abin da ya haɗa na waje da na gida. Aikin ramukan zanen taya shi ne kore ruwa gefe. In zanen ya cinye ko gudu ya yi yawa, ruwan yakan shiga tsakanin taya da kwalta, sitiyari ya yi sakayau a hannunka, motar tana tafiya a kan ruwa. A lokacin ba a taka birki da ƙarfi, ba a murɗa sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur ka riƙe ta a miƙe har ta sake kama ƙasa. Dokar Turai da Birtaniya ta tsaya a zurfin zane na milimita 1.6, amma wannan iyakar tara ce, ba iyakar lafiya ba. Ƙungiyar direbobin Jamus ta ADAC tana ba da shawarar a sauya tayar zafi a milimita 3, ta sanyi a milimita 4. Mai saye a Turai yana da wata sauƙin: kowace sabuwar taya tana da takarda a manne mai nuna darajar kamun titi a ruwa, daga A zuwa E. Kada ka sauka ƙasa da B don ragin 'yan kuɗi kaɗan. Tayoyin kasuwar Amurka kuma a jikinsu ake rubuta daraja: AA, A, B ko C.

Taya mai kyau ba ta ɗauke maka ragowar aikin. Dokar hanya ta Birtaniya ta ce tazarar tsayawa tana ninkawa biyu a ruwa, a kan ƙanƙara kuwa tana iya kai ninki goma. Ka ba na gabanka fili, ka tashi a hankali, kuma in motarka tana da ABS, na'urar da ke hana birki kulle taya, danne birkin ka riƙe ko da yana karkarwa a ƙafarka, aikinsa yake yi. Gadoji suna riga sauran titi daskarewa. Iskar taya tana raguwa in sanyi ya sauka, a auna ta da safe kafin mota ta yi tafiya, a bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wanda ke jikin taya ba.

Wannan zance yana da reshe a gida, domin tayoyin sanyin da Turawa suka gama da su ba ɓacewa suke yi ba. Da yawansu suna ƙarewa a tarin tayoyin Beljiyam da ake sayarwa a kasuwanninmu, duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da Najeriya ta hana shigo da su. Suna jan ido saboda zanensu mai zurfi ne, mai saye ya ga kamar sabuwa. Robar da aka haɗa don digiri 10 ƙasa da sifili, a ɗora ta a hanyar Sakkwato ko Agadas a watan Afrilu da lodi, za ta yi laushi fiye da kima, ta cinye da wuri, birki ya yi tsawo. In ka ga tambarin dutsen tare da tsage-tsage birjik a fuskar taya, ajiye ta. Sannan ka nemi haruffan DOT a gefe, ka karanta lambobi huɗun ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Michelin na cewa a riƙa duba taya duk shekara in ta kai biyar, a cire ta in ta cika goma komai kyan zanenta, kuma zafin ƙasarmu yana tsufar da roba da sauri fiye da haka. Ka haɗa da duba lambar lodi: a rubutu irin 205/55 R16 91V, 91 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 615, V kuma gudun kilomita 240 a awa. Mai ɗaukar fasinja da kaya a but, lambar lodin ce ta fi shafarsa, kada ya karɓi wadda ta gaza abin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofa.