Kibod ɗin tsohuwar kwamfutar tebur ya fara ba da wahala: wanne za ka saya?

Kafin ka fitar da ko sisi, tabbatar kibod ɗin ne ya lalace. Kunna kwamfutar ka danna Num Lock. In fitilar ta kama ta mutu, kibod na magana da na'ura, matsalar na iya zama a Windows. Sau da yawa yara ne suka danna Shift sau biyar a jere suka kunna Sticky Keys, ko aka riƙe Shift na dama tsawon daƙiƙa 8 Filter Keys ta tashi, sai haruffa su riƙa nawa. In alamar @ ta koma wani wurin, an sauya tsarin Amurka da na Ingila ne. Kifa shi ka kakkaɓe, domin ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta daskarar da maɓallai. Sai in duk wannan bai yi ba, sannan a yi maganar kasuwa.

Zaɓina shi ne kibod mai waya na hannu, na Dell ko HP ko Lenovo, irin waɗanda suke zuwa tare da kwamfutocin ofis daga Turai. In bayan kwamfutarka akwai zagayayyen rami mai launin shuni, to nemi mai kan PS/2. IBM ne ya fito da wannan rami a 1987, kan yana da allurai shida, kuma tsofaffin na'urori suna gane shi tun daga kunnawa, kafin Windows ta tashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kwamfutocin da za ka jona musu na USB, su tsaya suna neman ka danna F1, kibod kuwa shiru, domin an kashe USB Legacy Support a cikin BIOS, wato saitunan farko da kwamfuta ke bi kafin Windows ta tashi. Kuma ba ka da hanyar shiga BIOS ka gyara sai da kibod mai aiki. Na PS/2 ne ke fid da kai. Ga nauyi a hannu, ga waya mai kauri, harafin da ke jiki ba ya gogewa da wuri. Sharuɗɗansa biyu: kashe kwamfuta kafin ka cire ko ka jona, kuma kada ka tura da ƙarfi, allura ɗaya ta lanƙwashe an gama. Koren ramin na linzami (mouse) ne.

In babu ramin shuni, Logitech K120 mai USB ya wadatar, muddin na ainihi ne. Mara waya kuwa, batir da ɗan kan nan da ake jonawa a ramin USB mai saurin ɓacewa, ban ga amfaninsa ga tsohuwar na'ura ba. Masu fitilu kala-kala na 'yan wasa, ɓarnar kuɗi.

Inda ake cutar mutane shi ne ɗan mahaɗin nan mai mayar da USB zuwa PS/2. Wani mai shago ya taɓa rantse mini cewa yana aiki da kowane kibod, kuma ba haka ba ne. Ƙaramin, wanda babu komai a cikinsa sai waya, yana aiki ne kawai da kibod ɗin da aka ƙera don ya iya duka biyun, yawancin sababbi kuwa ba su iyawa. Mai jona tsohon PS/2 a ramin USB dole ya zama da 'yar na'ura a cikinsa, shi ya sa za ka gan shi da ƙullutu a tsakiyar waya. Ka ce a gwada a gabanka.

Jabu ma ya cika gari, a kwali mai ƙyalli da sunan babban kamfani. Ɗaga shi: in ya yi sakayau, in ka ɗan murɗa ya lanƙwasa, ajiye. Duba takardar bayansa, ta jabu rubutunta dishi-dishi ne. Na hannu ma akwai wanda shayi ya zube a ciki, aka goge sama aka shafa mai ya yi sheƙi. Ko a titin Beirut na Kano kake, ko Banex a Abuja, ka sa a jona shi, a buɗe Notepad, ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, har da Shift biyun da Enter da doguwar sandar tazara. Girgiza wayar daga gindinta kana rubutu, ka ga ko zai yanke. Mai kayan da ya hana ka gwaji, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa, ka ƙara gaba.