Buhun PICS: na yarda da shi a kan wake, amma masu gujiya ku saurara

Duk wadda ta tambaye ni ko buhun PICS, buhun ajiyar amfanin gona mai hana iska shiga, ya ci kuɗinsa, zan ce mata ya ci, in dai wake za ta zuba. In gujiya ce ko masara, akwai sauran magana, don na ji wasu ƴan kasuwa suna yi wa buhun kirarin da ya fi ƙarfinsa.

Ni ke riƙe da littafin ƙungiyarmu ta Mata Masu Dubara a nan Maradi. A jiharmu aka fara irin wannan asusu a 1991 da tallafin ƙungiyar agaji ta CARE, kafin ya bazu zuwa wasu ƙasashe. Da kaka muna fitar da kuɗin akwati mu sayi wake daga wajen Tasawa da Mayahi, lokacin da kowane manomi ke rububin sayarwa, mu ajiye har bazara ta yi nisa ana neman iri. Ribarmu duk a jira take. Ƙwaron wake kuwa ba ya barin mutum ya jira. Tun daga gona yake zuwa, ƙwansa manne da ƙwayar, kuma cikin ƴan watanni sai ki kwance buhu ki tarar da gari da huji.

Buhun hawa uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin kilo 100. Ki cika, ki matse iska, ki murɗe bakin ledar farko ki ɗaure, ki yi wa ta biyu haka, sannan na waje. Ba a sa magani ko kaɗan. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, a ƙarƙashin Larry Murdock, su suka fara gwada dabarar a arewacin Kamaru, aka kuma shiga yaɗa ta a ƙasashenmu daga 2007 da kuɗin gidauniyar Bill da Melinda Gates. Abin da ya ƙara kwantar min da hankali shi ne a nan gida ma an gwada shi, a cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maradi, inda Dokta Ibrahim Baoua ya daɗe yana aiki a kansa da waken manomanmu.

Yadda yake kashe ƙwaro abin mamaki ne. Ƙwarin da kansu suke shaƙe ƴar iskar da ta rage a ciki. In ta yi ƙaranci sai su daina ci, su daina haihuwa. Bincike ya nuna ƙishirwa ce ke ƙarasa su, domin ruwan jikinsu daga abincin da suke narkarwa da taimakon iska suke samunsa. Waken da muka ɗaure da kaka, yadda muka zuba shi haka muke fitar da shi, fari tas, ba wari, kuma yana tsira in an shuka. Masu ƙosai da ɗanwake suna gane shi tun a tafin hannu. Gare ni babban alherinsa shi ne ya raba mu da ƙwayar maganin nan mai fitar da iska mai guba, wadda mutane ke jefawa cikin buhu su jingine a ɗakin da yara ke kwana.

Yana da nasa sharuɗɗan. Ya fi buhun da muka saba tsada nesa ba kusa ba, kuma lokacin sayensa ya faɗo daidai da lokacin da kuɗi ke hannun wake. Ba kowace kasuwar ƙauye ake samunsa ba. Akwai na jabu mai siririyar leda, don haka ki taɓa kaurin kafin ki biya. Ɓera abokin gaba ne, dole a ɗora shi kan katako nesa da bango. Kafin a sake amfani da shi a shekara ta gaba, a cika ledar da iska a matsa a ji ko tana tsiyaya. Kuma buhun ajiya ne: wadda ke buɗewa kullum tana ɗibar tiya ɗaya ta girki ta ɓata dabarar.

Wata rana wani mai sayarwa ya ce wa shugabar ƙungiyarmu, "Hajiya, wannan ko gujiyar da ta fara fumfuna kika zuba, gyara ta zai yi." Na kai maganar wurin ɗiyar ƙanena da ke karatun noma a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ta ce, "Gwaggo, kada ku yarda. In gujiya ta bushe sarai, buhun zai hana fumfuna ƙaruwa. Gubar da ta riga ta shiga kuwa tana nan daram."

Sunan gubar aflatoksin. Wata fumfuna ce mai suna Aspergillus flavus ke yin ta, kuma ta fi son gujiya da masara, musamman in fari ya wahalar da shuka ko an tara amfani da danshi. An gano gubar ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da gujiyar Brazil. A Kenya a 2004 mutane 125 suka rasu bayan cin masarar da ta gurɓata. Amma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ɓarnar da take yi a hankali. Hanta ce ke karɓar gubar, sai ta juya ta zuwa wani abu da ke manne wa ƙwayoyin gado na jiki. Wurin da ta fi lalatawa shi ne wanda masana ke kira p53, wanda aikinsa shi ne tsayar da ƙwayar jikin da ta lalace kada ta ci gaba da hayayyafa. An ga tabo iri ɗaya a wannan wuri a jikin masu ciwon dajin hanta a Gambiya da Mozambik da ƙasar Sin. In kuma mutum na ɗauke da cutar hanta nau'in B, haɗarin yana ninkawa kusan sau 30. Wannan cuta kuwa ba baƙuwa ba ce a gidajenmu.

Suya ba ta kashe gubar, tafasa ma haka. In an matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama. Mu mata mun san abin da ake yi: kyakkyawar gujiya a soya a sayar, ƙanana da masu baƙi da masu ɗaci a kai inji, tunda in an niƙa ba mai gani. Daga nan sai ƙuli-ƙuli, sai hannun yaranmu a bakin makaranta, sai kwaɗon zogale da yajin tsire. Ba mugunta ke sa a yi haka ba, tsoron asara ne, amma dole mu faɗa wa juna gaskiya.

Akwai abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa. A wani bincike da aka yi a ƙauyukan Gine aka buga a 2005, an koya wa manoma tsince gujiya da hannu, shanya ta kan tabarma har ta bushe sosai, da ɗora buhu kan katako. Bayan watanni na ajiya, gubar da aka auna a jininsu ba ta kai rabin ta maƙwabtansu da suka bi tsohuwar hanya ba. Ba abin da suka yi da ya fi ƙarfin matar Tibiri ko Madarunfa.

A ƙungiyarmu yanzu ba a ɗaure gujiya a PICS sai an ɓare, an tsince, an ciza an ji ta fashe ƙas. Wadda aka fitar ba ta zuwa inji, ba a kuma zuba wa akuya mai shayarwa, domin gubar tana bi ta cikin nono. Duk mai jariri kuma muna tambayarta katin rigakafi, don allurar cutar hanta nau'in B tana cikin waɗanda ake yi wa jarirai a likita.