Yawon jirgin ruwa a tafkin Reschen: abin da na gani da abin da lasifika ba ta faɗa ba

Hoton ne ya fara jawo ni, kamar yadda yake jawo kowa: hasumiyar coci tsaye ƙyam a cikin ruwa, babu cocin, babu gari, sai tsaunuka a bayanta. Na sha ganinsa a intanet har ina zaton haɗa shi aka yi da kwamfuta. Da tafiya ta kai ni arewacin Italiya a ƙarshen watan Agusta, sai na ware yini guda na hau zuwa tafkin Reschen, wanda Italiyawa ke kira Resia, na yanki tikitin jirgin ruwan da ke zagayawa da baƙi. Ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Amma na sauka da wani abu yana ci mini rai, shi ya sa nake wannan rubutu.

Tafkin yana lardin Tirol ta Kudu, can ƙuryar da Italiya ta haɗa iyaka da Ostiriya da Suwizalan, a cikin tsaunukan Alps. Tudun wurin ya kusa mita 1,500 daga bakin teku, shi ya sa ko a watan Agusta iskar ba ta da wasa. Tsawon ruwan kamar kilomita 6 ne, faɗinsa kuma wajen kilomita guda, kuma babu tafkin da ya kai shi girma a duk lardin. Mafarin kogin Adige, na biyu a tsawo a Italiya bayan kogin Po, yana nan sama da tafkin kaɗan. Ƙaramar ƙorama ce a nan, ba ka ce ita ce ke ratsa birnin Verona ba.

Jirgin tsoho ne, mai kujerun katako, ana kula da shi sosai. Ma'aikatan suna da fara'a, sun kama hannun tsofaffi wajen hawa, kuma mun tashi a kan lokaci. Ni na zauna a waje, ta baya. Da muka miƙa kudu sai dutsen Ortler ya bayyana, mai tsayin mita 3,905, kansa fari fat da dusar ƙanƙara alhali rani ake ciki. Ruwan kore ne shar, yana sauya launi duk sanda gajimare ya gifta. Masu wasan da iska ke jan su da lema a kan ruwa suna ta gilmawa ta gefenmu, don iskar kwarin ba ta cika yankewa ba. Idan kallo kawai ya kawo ka, za ka ƙoshi. Sai dai ka riƙe rigar sanyi. Wata mata da ke kusa da ni ta zo da 'yar riga shara-shara, kafin mu kai tsakiya ta ƙudundune jikinta tana rawar ɗari, sai da ta koma ciki.

Matsalata da bayanin da ake yi ne ta lasifika. Da farko, in kana waje iska ke kwashe rabin maganar. Na biyu, da Jamusanci da Italiyanci aka yi, wanda ba laifi ba ne tunda su ne harsunan wurin, kuma ɗan Jamusancin da nake ji ya taimake ni. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka raba lokacin. Tatsuniyar da ake bayarwa cewa da hunturu ana jin ƙararrawa tana kaɗawa daga hasumiyar ta sami wuri sosai, mutane suka yi murmushi suka ɗaga wayoyi. Labarin mutanen da a da suke zaune a ƙarƙashin inda muke shawagi kuwa, a gurguje aka bi ta kansa.

Ga abin da ya kamata a tsaya a faɗa. Kafin 1950 tafkuna uku ne na halitta a wannan kwari, da ƙauyen Graun a zaune da gonakinsa da shanunsa. Yankin bai daɗe da zama Italiya ba, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka yanke shi daga Ostiriya, kuma mutanensa Jamusanci suke yi. A 1920 aka fara maganar ɗaga ruwan da mita 5 don samar da wutar lantarki, abin da ba zai taɓa ƙauyen sosai ba. A 1939, zamanin mulkin Mussolini, kamfanin Montecatini ya kawo sabon shiri na ɗaga shi da mita 22. Tsakanin 5 da 22, nan ne ƙauye guda ya shige. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin, mutane suka ɗauka sun tsira, sai bayan yaƙi aka dawo da shi da kuɗin da aka samo daga Suwizalan, a kan za a biya da wutar lantarki. Limamin cocin ƙauyen, Alfred Rieper, ya yi ta kai gwauro ya kai mari, har gaban Fafaroma Pius na 12 aka kai kuka. Bai hana komai ba. A 1950 aka rufe madatsar, tafkuna biyu suka haɗe, ruwa ya ci gidaje 163 da hekta 523 ta gonaki. Nakiya aka sa wa gidajen da cocin. Hasumiyar kaɗai aka bari saboda tsufanta, don tun ƙarni na 14 take. Ƙararrawar da ake cewa ana ji kuwa, a watan Yulin 1950 aka sauke ta kafin a rushe cocin.

Yawancin wannan ba a jirgi na ji shi ba. Bayan mun sauka na hau sabon Graun, wanda aka gina a kan gangare, na shiga ɗan gidan adana kayan tarihin da ke wurin. Tsofaffin hotunan da ke ciki sun fi duk abin da lasifika ta faɗa. Na daɗe tsaye a gaban na hanyar ƙauyen, ruwa ya riga ya shigo, gidajen suna nan tukuna. Diyyar da aka ba su ba ta taka kara ta karya ba, kuma manomi da aka raba da gonarsa a kan tsauni ba shi da inda zai sake share wata. Iyalai da dama barin kwarin suka yi gaba ɗaya. Da na san haka kafin in hau jirgin, da ba da irin idon nan na kalli ruwan ba.

Don haka mai niyyar zuwa ya fara da gidan tarihin, sannan jirgi. Wanda ƙafarsa ke da ƙarfi kuma akwai hanya mai zagaye tafkin, kamar kilomita 15, shimfiɗaɗɗiya, ta ƙafa da keke. Jirgin ba ya aiki duk shekara, saboda da hunturu ruwan daskarewa yake yi har ana takawa zuwa gindin hasumiyar, da bazara kuma yakan ja baya sosai sai dusar ƙanƙara ta narke ta sake cika shi. A tambaya kafin a kamo hanya.

A 2021 an janye ruwan don gyara, sai ga matakala da ragowar bango da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa sun fito fili, jikokin masu gidajen suka taka a kai. Ni kuwa ranar da na je, da yamma na koma bakin tafkin na leƙa ta inda ƙauyen yake. Ruwan ya cika fal, ban hango ko dutse ɗaya ba.