Tsumman goge aji na shagon yen 100 a Japan, ya biya kuɗinsa?

Duk mai yaro a firamare a Japan ya san da zarar zangon Afrilu ya kama za a turo takarda a ce yaro ya zo da zokin, tsumman goge ƙasa kenan, don a nan ɗalibai ne ke share ajinsu da baranda, wasu makarantun har banɗaki, kamar minti 15 zuwa 20 bayan abincin rana, malami ma yana ciki ba tsayawa yake yana nuni da yatsa ba.

Da can iyaye mata ke ɗinkawa da tsohon tawul, ni kam ina na ga lokaci, na shagon yen 100 na saya, wato shagon da yawancin kayansa yen 100 ne, da haraji ya kama 110. Fari ne, akwai ɗan ƙyalle a gefe na rubuta suna, wannan ya burge ni sosai don yara talatin da tsumma iri ɗaya ai sai rigima. Girmansa daidai hannun yaro, yana iya matse shi da kansa ba sai ya jiƙa riga ba.

Matsalarsa rashin kauri. Yaran nan duƙawa suke su dafa shi da hannu biyu su tura a guje daga wannan bango zuwa wancan, to kafin zango ya ƙare ɗinkin bakin ya fara warwarewa, kuma sabo fil baya shan ruwa sai an wanke shi tukunna.

Zan sake saya a Satumba, amma mai kaurin zan nema ko da guda ɗaya ne a leda.