Ibadan, Landan ko Hasselt: ina mai son ƙididdigar lafiyar ƙwaƙwalwa zai kai kuɗinsa?

Wata ɗaliba da na koyar ta tare ni a bakin ofis bayan ta gama bautar ƙasa. Ta ce, "Malam, ina son binciken tabin hankali ta ɓangaren ƙididdiga. Ina zan je digiri na biyu?" Na ce ta ja kujera, don amsar ba ta tsaye ba ce.

Kafin a yi cinikin makaranta, gara a san abin da za a saya. Mai ƙirga masu zazzaɓin sauro yana da gwajin jini. Mai ƙirga masu ciwon damuwa ba shi da komai sai tambaya. Ɗauki PHQ-9, takardar tambayoyin da ake auna ciwon damuwa da ita: tambayoyi tara ne, maki daga 0 zuwa 27, kuma galibi daga 10 ake fara zargin cutar. To ka zauna a tabarma da matar da ta haihu wata biyu da suka wuce, ka tambaye ta ko tana cikin baƙin ciki. Za ta ce alhamdulillahi. Sai can ta ce maka jikinta ya mutu, kanta yana zafi, barci ya ƙaurace mata. A wane gurbi za ka sa wannan? Ga kuma wata matsalar: wanda ciwon ya fi kamawa shi ne ba ya dawowa zagaye na biyu na bincike, sai alƙalumanka su yi kyau alhali marasa lafiyar ne suka zame. Makarantar da ba za ta koya maka tantance ma'auni da lissafin bayanan da suka ɓace ba, takarda kawai za ta sayar maka.

Ni dai Jami'ar Ibadan nake nuna wa mutane, kuma ba na ɓoyewa. Tana da sashe na musamman na nazarin yaɗuwar cututtuka da ƙididdigar likitanci, ga asibitin koyarwa na UCH a kusa. Amma abin da ya fi ja na shi ne daɗewar yankin a wannan sana'a. Tun shekarun 1950 Farfesa Adeoye Lambo yake kula da masu tabin hankali a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, kuma a farkon shekarun 1960 shi da masana daga Jami'ar Cornell suka fita ƙirga masu irin wannan lalura a cikin al'umma. A 1992 aka fara kwatanta cutar mantuwa tsakanin tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis ta Amurka, aka yi shekaru ana bin mutanen. Sannan tsakanin 2001 da 2003 Farfesa Oye Gureje ya jagoranci babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na Najeriya ƙarƙashin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya, aka yi wa mutum fiye da 6,000 tambayoyi, har da Hausa cikin harsunan da aka yi amfani da su.

Sakamakon farko na wannan bincike ya nuna kusan kashi 12 cikin 100 sun taɓa fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, adadin da ya yi ƙasa sosai da na Amurka. Shin mun fi su lafiya ne, ko tambayoyin ne ba sa kama yadda muke faɗin ciwonmu? Wannan tambaya ita kaɗai ta isa digiri na uku, kuma Bahaushen da ya iya lissafi ya fi kowa damar taɓa ta ta ɓangarenmu. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna, Kware da Maiduguri suna cike da fayiloli, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, tana buƙatar masu auna ko tana aiki. Aibin karatu a gida sananne ne: yajin aikin ASUU na 2022 ya ci wata takwas. A sa wannan a lissafi.

Makarantar kiwon lafiya ta Landan, LSHTM, tana ba da digirin ƙididdigar likitanci a shekara ɗaya, kuma ita da King's College suna da kwas na haɗin gwiwa kan lafiyar ƙwaƙwalwa a duniya. Karatu ne mai kyau, ba musu. Sai dai in ba ka da tallafin karatu na Birtaniya irin Commonwealth ko Chevening, kar ka sayar da gonar gado. Chevening ma sai ka yi shekara biyu kana aiki. Jami'ar Hasselt ta Beljiyam shekara biyu ce da Turanci, lissafi zalla mai zurfi, amma tallafin karatu na Beljiyam, VLIR-UOS, na wasu ƙasashe ne kawai, don haka a duba jerin kafin a sa rai. Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka tana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa sukutum a makarantar lafiyar al'umma. Kuɗinta ba na talaka ba ne. Shirin NFELTP da ake yi da ABU Zariya da Ibadan kuwa na horar da masu bin diddigin annoba a cikin al'umma ne, wata hanya ce daban.

Yanzu ga inda aka ƙone ni. Na taɓa biyan kuɗin wani kwas da tallarsa ta sha ado. Sai da na shiga na gane babu bayanan mutum ko ɗaya da za a taɓa. Mai duba aikina sau biyu na gan shi. Da na kammala, wani ya ce ya san mujallar "ƙasa da ƙasa" da ke buga aiki da sauri. Na tura ranar Litinin, ranar Alhamis aka ce an karɓa, ko waƙafi ba a gyara ba, sai lambar asusun banki. Albashin kusan wata biyu na zuba. Ranar da na zauna gaban kwamitin ƙarin girma, wani dattijo ya ɗaga takardar da yatsu biyu kamar ya tsinci ƙazanta, ya ajiye ta gefe. Bai ce uffan ba.

Don haka ku ji da kyau. Mujallar da ta aiko maka wasiƙa tana kiranka Farfesa alhali ko digiri na biyu ba ka gama ba, ta bogi ce. Wadda take buga aikin noma da shari'a da tabin hankali a fitowa ɗaya, ta bogi ce. Kar ka yarda da tambarin da ta manna a shafinta. Shiga rumbunan mujallun kimiyya na intanet, PubMed, Scopus ko DOAJ, da kanka ka nemi sunanta, ka duba harafi-harafi, don suna satar sunan mujallar gaske su sauya kalma ɗaya. Haka tarukan da ake cewa za a yi a Dubai ko Istanbul a ba ka shaidar halarta tun kafin ka tashi. Haka masu cewa kawo kuɗi mu sa sunanka cikin marubuta. Haka masu shagon "muna yin babi na huɗu", waɗanda ke murɗa alƙaluma har sai sakamako ya faɗo ƙasa da 0.05, iyakar da ake cewa an gano wani abu; ranar kare aiki kai za a tambaya, ba su ba. Digirin ma akwai na jabu: a ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo. Dillalin da ya ce zai samo maka gurbi da tallafi in ka ba shi kafin alƙalami, ka sani neman Chevening da Commonwealth kyauta ne.

Ɗalibar tawa na ce ta sauke manhajar ƙididdiga ta R, tunda kyauta ce, ta bar neman manhajar Stata ta sata. Na ce ta zaɓi malamai uku a Ibadan, ta karanta aikin kowanne na shekara biyar da suka wuce, sannan ta rubuta musu tambaya ɗaya: wane bayani ɗalibanku suke aiki a kai, kuma zan taɓa shi da hannuna? Ta ce in ba su amsa ba fa? Na ce ta nemi ɗalibansu na bara ta tambaye su sau nawa suka ga malamin.